Nisan Aji Daga Dogon Daji: Tarihin Karatun Matasa Masu Naƙasa

Dogon Daji gari ne na ƙasar Tambuwal, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega. Gidan sarautarsa na zuriyar Muhammadu Buhari ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A nan aka haifi Ibrahim Dasuki a ƙarshen 1923, ɗan Sarkin Yamma Haliru. Dasuki ne daga baya ya zama Sarkin Musulmi na 18. A 1931 aka sa shi elementare ta garin, ya wuce Midil ta Sakkwato, daga can sai Kwalejin Kaduna. Ke nan tun wancan zamani akwai hanyar da yaron Dogon Daji zai bi daga ajin garinsu har ƙololuwar karatun boko na Arewa, in rabonsa ya rantse. Amma a shekarar da Dasuki ya shiga aji, babu makarantar boko ko ɗaya da aka keɓe wa makafi ko kurame a faɗin Nijeriya.

Wanda ya bi tarihin karatun masu naƙasa a wannan yanki zai tarar kusan duk labarin na nisa ne. Kowane zamani ya ɗan matso da ajin kusa da yaron ƙauyukan Tambuwal da maƙwabciyarta Kebbe, amma har yau ajin bai ƙaraso ƙofar gidansu ba, kuma inda tafiyar ta fi yankewa shi ne tsakanin ƙarshen sakandare da shiga sahun manya.

Gurbin da aka gada

Ƙasar Hausa ba ta jira Turawa ba kafin ta san da naƙasassunta. Hugh Clapperton, Baturen da ya sauka Kano a 1824 kan hanyarsa ta zuwa wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya ba da labarin unguwa guda ta makafi a cikin ganuwa, wadda mazaunanta ke samun wani kaso daga mai mulkin gari, suna kuma bara a kasuwa. Tsarin ya wuce unguwa kawai. Akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare da Sarkin Bebaye, kowanne da mutanensa. Shi ke sasanta rigimarsu, shi ke karɓar baƙonsu, shi ke kai kukansu fada. Har gobe ana naɗa waɗannan sarautu a masarautu da gundumomi da dama.

Addini ya ba wannan tsari gindin zama. Zakka da sadaka haƙƙi ne na mabuƙaci, kuma kowane almajiri ya san labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabi da ya yi ladanci, wanda Manzon Allah (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita. Karatun allo kuma ya dace da makaho ta fuska ɗaya, domin ginshiƙinsa ji da maimaitawa ne. Da haka aka samu makafi mahaddata da masu wa'azi da mawaƙa. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa saboda aikin da ya yi da ka.

Sai dai gurbin yana da iyaka. Kurma ba ya jin biyawar malam, don haka allo bai buɗe masa ƙofar da ya buɗe wa makaho ba. Akasari gona ko sana'ar hannu ta gidansu ce makomarsa, yana magana da mutanen gari da maganar hannu. Ga mafi yawan makafi da guragu da kutare kuwa, abin da al'umma ta tanadar musu shi ne karɓa, wato bara ta zama sana'a mai shugabanni da ƙa'idoji. Ta kuma ci yara masu lafiya, domin ɗan jagora da ke riƙe da sandar mahaifinsa daga safe zuwa magariba ba shi da lokacin zama gaban malami.

Zamanin 'yan mishan

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Kuturta ce ta buɗe musu ƙofa. A shekarun 1930 aka amince ƙungiyar mishan ta SIM ta riƙe sansanonin kutare tare da hukumomin En'e: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato. Masu jinya kan yi shekaru a waɗannan wurare, saboda haka aka haɗa magani da noma da koyon sana'a da ajin yara. Wasu samarin da suka warke sun fita da iya karatu da aikin ba da magani. A nan ne aka fara gwada wani abu mai kama da shirya matashi mai naƙasa don ya riƙe kansa a ƙasar Sakkwato. A 1943 kuma SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yanzu mutane ke zuwa daga nesa.

Makarantar makafi ta farko ta zo a 1953, lokacin da ƙungiyar mishan ta SUM ta buɗe ta a Gindiri, cikin jihar Filato ta yau. Can aka koyar da rubutun makafi na Braille, mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, tare da lissafi da sana'o'in hannu. Ta kurame kuwa daga Kudu ta faro. Andrew Foster, baƙar fatar Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, bayan wadda ya kafa a Ghana a 1957. Ta hannunsa da ɗalibansa ne maganar hannu irin ta Amurka ta shiga azuzuwan kurame na Nijeriya.

Ga magidancin Dogon Daji ko Kebbe na wancan lokaci, waɗannan makarantu kamar babu su ne. Gindiri tafiya ce ta kwanaki, Ibadan kuwa wata duniya ce. Bayan nisa ga tsoro: makarantun na coci ne, kuma uba Musulmi yana da dalilin fargabar cewa yaron da ya miƙa zai dawo da wani addini. Wannan zargi ya daɗe yana bin ilimin naƙasassu a Arewa, har bayan da ya koma hannun gwamnati.

Shekarar 1977

Shekaru biyu a jere suka sauya lissafin. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Sakkwato, gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. Da aka ce kowane yaro, dole tambayar makaho da kurma ta taso. Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta ware sashe guda kan ilimi na musamman, ta ɗora wa gwamnati nauyinsa. A shekarar ce aka kafa kwalejin horar da malaman wannan fanni a garin Oyo, wadda yau ake kira Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman. A shekarar ce kuma Kano ta buɗe makarantar naƙasassu ta Tudun Maliki. Jami'o'in Ibadan da Jos suka soma yaye masu digiri a fannin, daga baya Jami'ar Bayero ta bi sahu.

Buɗe Tudun Maliki ya fito da wata matsala da har yanzu ba a warware ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu na hannu tun kaka da kakanni, wanda Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa littafi a kai a 2000. Malaman da aka horar a Kudu kuwa da alamomin Amurka da Turanci suka zo. Yaron da ya shiga makaranta sai ya tarar da maganar aji daban, ta gida daban. In ya dawo hutu, iyayensa ba su gane sabuwar maganarsa, shi kuma ba wanda zai taya shi bitar karatu.

A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, wanda garinsu ke maƙwabtaka da ƙasar Tambuwal, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar sukutum don naƙasassu. A wannan tsakani aka yawaita maganar cibiyoyin koyar da sana'a, irin wadda ke Kakuri a Kaduna, inda ake koyar da ɗinki, saƙa, aikin fata da kafinta. Amma kuɗin mai ya ja baya, shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, kuma wuraren da ba su da masu faɗa a ji a bayansu su suka fara jin jiki.

Sakkwato ta samu tata

Jihar Sakkwato ta kafa tata makarantar naƙasassu a babban birni, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Abdulrashid Adisa Raji, hafsan sojan ruwa da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1998. Tana ɗaukar kurame da makafi da masu naƙasar gaɓoɓi, tun daga firamare har sakandare, ana kuma haɗa su da yara marasa naƙasa. Wannan ne karo na farko da ajin ya shigo tazarar da uba daga Dogon Daji zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya. Duk da haka makaranta ce ta birni a jiha mai ƙananan hukumomi 23. Kai yaro ɗan shekara bakwai wanda ba ya ji ko ba ya gani ya zauna nesa da uwarsa ba ƙaramar shawara ba ce, balle in yarinya ce.

A ɓangaren doka, gwamnatin Babangida ta fitar da dokar soja kan naƙasassu a 1993, mai alƙawarin karatu kyauta da kason aiki. Ba a kafa abin da zai tabbatar da ita ba, ta tsaya a takarda. Shekara guda kafin nan, a 1992, ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu da sauransu suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna JONAPWD, kuma ita ce ta riƙe wutar neman doka ta gaskiya tsawon shekaru.

A daidai lokacin cututtuka na ƙara yawan yaran da ke buƙatar waɗannan azuzuwa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, akasari a Arewa, kuma kurumta na cikin abin da takan bar wa wanda ya tashi. Ta sake ɓarkewa a 2017 a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. Ƙyanda in ta haɗu da rashin abinci mai gina jiki takan tafi da idon yaro. Shan inna kuwa ta samu sarari bayan da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafi a 2003. Sai da sarakuna suka shigo, musamman kwamitin da aka kafa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, kafin aka shawo kanta. An ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020. Amma yaran da ta shanye wa ƙafa a shekarun 2000 su ne samari da 'yan matan yau, masu neman gurbin karatu da aikin yi.

Alawus da makaranta

Bayan dawowar mulkin farar hula, taimakon ya bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce dokar UBE ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, aka kuma keɓe wani ɗan kaso daga ciki don ilimi na musamman. Ta biyu ita ce tallafin kuɗi kai tsaye. Gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko, wadda ta hau a 2007, ta shigo da alawus na Naira 6,500 duk wata ga naƙasassun da aka yi wa rajista a jihar, da niyyar rage bara. Hukumar zakka da waƙafi ta jihar ita ma tana rabon abinci da jari da kuɗin magani.

Babu mai raina abin da ya sa tukunya a wuta. Amma alawus ɗan uwan tsohon tsari ne, sai dai ya koma hannun gwamnati: yana riƙe rai, ba ya sauya matsayi. Dattijon da ya makance da tsufa ya dace da shi. Saurayi ɗan shekara 18 abin da yake nema daban ne, wato takardar shaida ko sana'ar da za ta sa a ba shi mata ba tare da an tambayi wa zai ciyar da ita ba. Masu shan inna na Kano sun nuna haka tun tuni, da suka kafa ƙungiya suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa, wasu kuma suka mayar da ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi ya assasa, wasa mai gasa tsakanin jihohi.

Ƙofar manyan makarantu

Jihar ba ta rasa manyan makarantu ba. Akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ga jami'ar jiha. Amma kafin matashi ya taka ƙofar kowacce, sai ya tsallake WAEC ko NECO, sannan JAMB. Da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, makafi suka shiga wani sabon ƙunci, domin cibiyoyin ba a shirya su don wanda ba ya ganin allo ba.

Gyaran ya zo a 2017, lokacin da shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya kafa wani kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don shirya wa makafi jarrabawar. Ana tara su a cibiyoyi ƙalilan, a ɗauki nauyin masaukinsu da abincinsu tare da 'yan rakiyarsu, a karanta musu tambayoyi, su amsa da allon Braille ko keken rubutu ko kwamfuta. Kano na cikin cibiyoyin, daga baya aka ƙara da wasu har da ta jihar Kebbi, wadda ta fi kusa da mutanen Tambuwal da Kebbe. Darasin da ke cikin wannan shiri shi ne an gane cewa kuɗin mota da wurin kwana da ɗan rakiya suna cikin jarrabawar, ba a wajenta suke ba.

Samun gurbi kuma ba shi ne ƙarshen wahala ba. Kurma a zauren lacca yana buƙatar tafinta mai maganar hannu, in babu shi zaman banza yake yi. Makaho yana buƙatar littattafai cikin Braille ko a kwamfuta mai karanta rubutu da murya, da ƙarin lokaci a jarrabawa. Mai keke yana buƙatar aji da ɗakin kwana da banɗakin da zai iya shiga ba tare da an ɗauke shi ba. Wuraren da suka yi suna wajen tanadar irin wannan hidima kaɗan ne: kwalejin Oyo, inda ɗalibai masu naƙasa suka fi taruwa, da Jami'ar Ilorin mai cibiyar tallafa wa kurame, da sassan ilimi na musamman na Jos da Ibadan da Bayero. A Bayero ne Jibrin Isa Diso, makaho ɗan Kano, ya koyar har ya kai matsayin farfesa. Don haka kurman da ya gama sakandare a Sakkwato yakan tarar cewa mafi dacewar wuri gare shi yana ƙasar Yarbawa, kuma mafi sauƙin fannin da zai samu shi ne koyarwa, ko da zuciyarsa na wajen lissafin kuɗi ko aikin gona.

Dokar 2019 da abin da ya rage

Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. Ƙudurin dokar cikin gida ya yi ta kai da kawo tsakanin majalisa da fadar shugaban ƙasa, har sai a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa hannu. Dokar ta haramta nuna wariya, ta sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, Naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ba mai naƙasa karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kowacce da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don wannan aiki. Ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta hana amfani da mai naƙasa wajen bara, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a farkon 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa, aka naɗa James Lalu, wanda kurma ne, ya zama sakatarenta na farko.

A takarda ke nan nisan ya ƙare, domin doka ta ce ajin yaro mai naƙasa shi ne ajin unguwarsu. A aikace kuwa firamaren ƙauye tana hannun hukumar SUBEB ta jiha da sashen ilimi na ƙaramar hukuma, kuma su ne za su ɗauki malamin da ya iya Braille ko maganar hannu, su tura shi ƙauye, su biya shi abin da zai zaunar da shi. Rashin tsaron da ya addabi sassan jihar a shekarun nan ya ƙara wa wannan nauyi, domin iyayen da da ma suke ɗari-ɗari da makarantar nesa yanzu sun samu ƙarin dalili.

Abin da aka gina cikin shekaru saba'in tun daga Gindiri ya yi kama da tsani mai ƙwarin sama wanda aka manta da matakansa na ƙasa. Akwai hukuma a Abuja, akwai farfesoshi, akwai jarrabawar JAMB ta makafi. Amma duk waɗannan sai wanda ya iya karatu tun yana ƙarami zai mora, kuma wannan a ƙauye ake yanke shi, kafin yaro ya cika shekara goma. Kayan aikin gyaran ba baƙi ba ne a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka bi gida gida har aka kori shan inna sun san kowane gidan da ke da yaro kurma ko makaho. Sarakunan makafi da na guragu sun san matasansu da suna. Samarin da suka yi karatu a Oyo da Kano suka dawo da NCE ko digiri suna nan suna neman aiki, kuma su ne malaman da dokar ke nufi. Ranar da ƙaramar hukuma ta ɗauki irin waɗannan ta ba su aji a manyan firamarorin gundumominta, ta cika alƙawari biyu na dokar 2019 a lokaci guda: na gurbin aiki ga wanda ya gama, da na malami ga wanda zai fara.